Duro Biyar Mai Huji

Akwai wani direban tasi a New York, Ishiyaku, mutumin Kano da ke zaune a Mount Hope. A 1993 ya ɗauko mahaifinsa, Baba Dikko, ya zo a duba lafiyarsa. Tsufa ya taɓa masa tunani. Kullum gani yake yana rumfar mai tuwo a Kano ta zamanin da.

In surukarsa Hasiya, matar Ishiyaku, ta kawo abinci, sai ya laluba aljihu ya ture kwanon.

"Mai tuwo, ba ni da kwabo. Ni ban taɓa cin abin mutane kyauta ba."

Aka ba shi dalar Amurka, ya ce takardar banza ce. Kwana uku sai ruwa. Likita ya ce in ya ƙara kwana biyu, sai an sa masa roba ta hanci.

Ranar Ishiyaku ya fita aiki rai a jagule. Ya ɗauko wata tsohuwa 'yar Sifen daga filin jirgi zuwa asibitin da ɗanta ke kwance. Da suka isa ashe ba ta canza kuɗi ba. Ta zazzage jaka tana kuka, duk tsabar kuɗin ƙasarsu ne.

Ya buɗe baki zai yi masifa, sai tausayinta ya kama shi.

"Mama, shiga ki ga ɗanki. Na yafe."

Ta dage sai ya karɓi ko ɗaya. "Kuɗinmu peseta ne. Peseta biyar muna ce mata duro. Wannan duro biyar ne, ko shayi ba zai saya maka ba."

Ya duba tafinsa: ɗan ƙarfe mai huji a tsakiya, kamar kwabon da!

Ko fasinja bai ƙara ɗauka ba. Yana isa gida ya lallaɓa ya zura shi a aljihun Baba, ya ƙyafta wa Hasiya ido ta kawo tuwo.

Baba ya laluba. Ya zaro, ya leƙa ta hujin, ya dire shi a tire da ƙarfi. Ya cinye tas har da suɗe kwano. Hasiya ta juya tana share hawaye.

Sai ga muryarsa a bayanta: "Ke mai tuwo! Ina canjina?"

Darasi: Kada damuwarka ta hana ka tausaya wa na gabanka, domin ba ka san a hannun wa Allah ya ajiye maganinka ba. Ku tura wa wasu su ma su karanta.