Ruwan Baƙo a Gidan Bushiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

A wani gari na namun daji an yi wata Bushiya mai 'ya'ya biyar, ga ta kuma da tsohon ciki. Rijiya ɗaya ce tal a garin, Sarki Zaki kuwa ya naɗa Gizo Sarkin Rijiya. Duk kaka sai a tara masa dawa don ya ciyar da masu yasa. To, kun dai san Gizo. Dawa ta bi ta cikinsa, rijiya ta shekara uku ba a yashe ta ba, har ruwanta ya koma kamar kunun kanwa. 'Ya'yan Bushiya kullum ciwon ciki, ita kuwa tsoro ya cika ta, kada jaririn da ke tafe ya sha lakar nan ya mutu.

Shi Zaki ba mugu ba ne, sai dai bai taɓa leƙa rijiyar ba. Kowace safiya Gizo kan lallaɓa bayan dutse, wurin wani idon ruwa da ya ɓoye wa kowa, ya ciko tulu ya kai fada, ya ce daga rijiya ya ɗebo.

Kurege ya kai kuka fada. Zaki ya dubi ƙoƙonsa, ya ga ruwa garau, ya ce Kurege ya cika surutu. Zomo ya je, Zaki ya kurɓi ruwansa, ya ce Zomo neman suna yake. Kurciya ta je har da hawaye, Gizo ya yi caraf da tsamin bakin nan nasa ya ce, "Yanka ya daɗe, hassada ce kawai." Aka sallame ta.

Bushiya ta ga kai kuka ba ya aiki, sai ta ƙulla dabara. Da ta haifi namiji, ta aika fada cewa ta yi wa Sarki takwara. Daɗi ya kama Zaki, ya ce ranar suna da shi za a yi. Gizo ya ce akwai nisa, Zaki ya ce yana da ƙafa. Gizo ya ce akwai rana, Zaki ya ce akwai inuwa. Gizo ya ce gidan Bushiya duk ƙaya ne, Zaki ya ce ai a ciki takwaransa yake kwana.

Ranar suna gida ya cika. Sarki na zama, Bushiya ta durƙusa ta miƙa masa ƙoƙon ruwa. Gizo ya yi wuf ya zaro goransa mai ruwa garau don ya ba Sarki.

"Ranka ya daɗe," in ji Bushiya, "tun kakanni, baƙo ruwan gida yake sha. Kuma ai na rijiya ne, irin wanda Gizo ke kai maka kullum."

Zaki ya leƙa ƙoƙo, ya ga har tsutsotsi na iyo. Ga idon jama'a a kansa, kuma ba a mayar da ruwan baƙo. Ya runtse ido ya kurɓa, laka ta cika masa haƙora. Kunya ta rufe shi. Ya dubi jaririn, ya ce, "Wannan takwarana zai sha?"

"Shi yayyensa ke sha, ranka ya daɗe."

Gizo ya fara ja da baya, Zaki ya ɗora masa hannu. Nan take aka zura shi rijiya da ƙwarya, ya kwana uku yana kwasar laka, idon ruwan nan kuwa, da aka matsa masa ya faɗi inda yake, aka buɗe wa kowa. Sannan Sarki ya kafa doka: shi kansa daga rijiyar gari zai riƙa sha, Sarkin Hanya ya bi hanyar da kowa ke bi, Sarkin Kasuwa ya sayi hatsi da mudun da ake auna wa talaka. Ranar kasuwa kuma a bakin rijiya zai zauna, mai magana ya faɗa masa baki da baki. Kurciya ta kai labari ƙasashen nesa, sarakuna da yawa suka kwaikwaya.

Takwaran Sarki ya tashi ɓulɓul, bai taɓa sanin ciwon ciki ba, hankalin Bushiya ya kwanta. Gizo kuwa har yau in kun leƙa rijiya za ku gan shi rataye da zarensa, wai duba ruwa yake.

To, jikokina, in Allah ya ba ɗayanku shugabanci, ko na unguwa ne ko na ƙasa, ya sha abin da mutanensa ke sha, ya ji kukansu da kunnensa.

Kungurus kan ɗan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.