Zaɓin Farko na Koci Tanimu

Ku sassauta musun ƙwallon Turan nan haka, kun cika mana kunne tun La'asar. Tunda musu kuke so, ku gyara zama in ba ku wanda zai ishe ku.

Akwai wata ƙwallo da Amurkawa ke yi, wadda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta. Doguwa ce kamar gwanda, 'yan wasan kuma suna sa hular kwano da sulke a kafaɗa. Abin nema shi ne a kai ta bayan layin ƙarshe na abokan karawa. Mutum ɗaya ne ke karɓarta ya jefa, shi ne mai jifa. A gabansa ƙarti biyar ke jeruwa su tare masu son kayar da shi, su ake kira katanga. Sai kuma masu cafewa, waɗanda ke rugawa gaba a wurgo musu. Iyakar abin da kuke bukatar sani ke nan.

To, a Kaduna an yi wani mutum, Tanimu. Karatu ya kai shi Amurka, zama ya riƙe shi, bai dawo ba sai da gemunsa ya fara furfura. Mutane na jiran su ga mota, sai ga shi da buhunan hulunan kwano da ƙwallaye. Ya nemi aron filin wata firamare, ya fara tara samari da yamma. Unguwa ta yi ta dariya, ana cewa ga wasan 'yan acaɓa ya zo. Shi dai bai kula ba. Matarsa Laraba, wadda yaran ke kira Inna, ita ke dafa musu wake da shinkafa in an tashi, tana faɗa tana ƙara musu.

A cikin samarin da suka ɗore akwai uku da suka zama kamar 'ya'yan gidan.

Na farko Rabilu, ɗan magini. Tun yana ƙarami yake tsayawa a ƙasa yana cilla wa babansa tubali a saman bango, kuma in ya kuskure ya sha ranƙwashi. Saboda haka hannunsa ya san nisa kafin idonsa ya gama aunawa. Yaro ne mai shiru, amma duk abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna masa. Tanimu ya mai da shi mai jifa.

Na biyu Haladu, ɗan mahauci. Shi ke riƙe bijimi a kara in za a kayar. In ya shigo zaure sai haske ya ragu, amma ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Tanimu ya sa shi a ƙarshen katanga ta hagu, wato ɓangaren da mai jifa ke juya wa baya, inda ba ya ganin abin da ke zuwa masa.

Na uku Nafi'u, siriri kamar sillen kara. A kasuwar 'yan lemo ya tashi, yana cafe kankana in ana sauke ta daga mota, kuma wanda ya fasa shi ke biya. Ga gudu, ga surutu, ga tsokana. Shi ya zama mai cafewa.

Suka girma tare a filin nan, kwano ɗaya, gora ɗaya. Ana nan sai aka shirya gasar matasa ta ƙasa, yaran Tanimu suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe, da wasu ƙarti daga kudu. Masu neman 'yan wasa na manyan kulob duk sun zo kallo. Wasa ya yi zafi, lokaci ya kusa cika, ana gaban yaranmu da ɗan maki kaɗan. Dama ɗaya ta rage, layin ƙarshe kuwa yana can nesa.

Ku saurara da kyau, domin a nan maganar take.

Tanimu ya aiko da dabarar da za a yi daga bakin fili. Rabilu ya tsaya bayan katanga, ya dubi yadda abokan karawa suka jeru, sai ya gane sun riga sun karanta dabarar. Da an bi ta, da wasa ya ƙare a nan. Babu lokacin tambaya. Ya ɗaga murya ya kira wata dabara daban, abin da bai taɓa yi wa Tanimu, Baba Kocinsu, ba. Da ƙwallo ta shigo hannunsa, bai jefa inda Nafi'u yake ba, ya jefa can kusurwar da babu kowa, inda ya san ƙafar abokinsa za ta kai shi. Jifa ce mai nisan da babu wani yaro a gasar da hannunsa zai iya.

Amma jifa irin wannan tana son lokaci, lokacin kuwa Haladu ne ya sayo shi. Tun tsakiyar wasa yatsansa ya goce, ya sa aka ɗaure masa, bai bari Koci ya sani ba. Da aka fara wannan dama ta ƙarshe, mutum biyu suka yi kansa, ciki har da wanda ya fi kowa kayar da masu jifa a gasar. Ya tokare na farko da ƙirji. Na biyu ya zagaya zai bi ta bayan Rabilu, Haladu ya juya da hannun nan mai ciwo ya ture shi waje. Ana jan sa baya, takalminsa na huɗa ƙasa kamar garma, bai faɗi ba sai da ƙwallo ta tashi. Rabilu bai ma san an yi ba, sai daga baya aka ba shi labari.

Ƙwallo kuwa ba ta cafe kanta. Nafi'u ya ji sabon kiran, ya yi kamar zai shiga tsakiya, mai tsaronsa ya bi, shi kuma ya karya ya nufi kusurwa. Wani ya sake biyo shi. Iska ta ɗan ɗauki ƙwallon, ta yi sama fiye da yadda aka so, tana shirin fita waje. Ya yi tsalle ya kama ta da kan yatsu, ya ja ƙafafunsa suka taɓa cikin fili, a daidai lokacin da aka banke shi ta haƙarƙari. Ya yi birgima har gindin 'yan kallo. Da aka ɗago shi numfashi ya ɗauke, amma ƙwallo na ƙirjinsa. Abin da ya fara cewa da bakinsa ya buɗe shi ne, "Ban fasa ba."

Aka ci kofi. Inna Laraba ta yi guɗa har muryarta ta dishe.

To, manyan kulob ɗin nan suna da wata ƙa'ida. Ba a sayen sabbin 'yan wasa yadda aka ga dama. Kowace shekara ana tara samarin da suka isa, kulob-kulob su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya zo na ƙarshe a bara shi ke fara zaɓa, don kada mai ƙarfi ya cinye mai rauni. A bara kuwa kulob ɗin garinmu Kaduna ne ya riƙe wutsiya. Mai kulob, wani attajiri da ya fara gajiya da asara, ya kira Tanimu ya ba shi aikin koci. Ya ce masa, "Malam Tanimu, zaɓin farko naka ne, ba zan sa maka baki ba. Amma in muka sake zuwa ƙarshe, ko kujerun 'yan kallon nan suka ci gaba da zama babu kowa, zan rufe." Shi ne kuwa kulob ɗaya tilo a duk Arewa. In ya rufe, yaran da ke tasowa a filin firamare ba su da inda za su dosa.

Masu zaɓi na biyu da na uku, Legas da Fatakwal, ba su ɓoye ba. Sun ce duk wanda Tanimu ya bari a cikin ukun nan, nasu ne. Kafin layi ya sake zagayowa kansa, biyu sun tafi. Ɗaya zai ɗauka, ya kuma shirya karawa da sauran.

Tanimu ya rasa ci ya rasa sha. Inna Laraba ta same shi a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce, "Malam, kai da ka san wasan nan ciki da bai, me littafinku ya ce?"

Ya ce, "Ba littafi ba ne, Laraba, kasuwa ce. Abin da ya yi wuya shi ke tsada."

Sai ya shiga warware mata. Mai jifa, in ji shi, shi ne ran kulob. Babu motsin da za a yi ƙwallo ba ta bi ta hannunsa ba. Ana iya shekaru ba a sami nagari ɗaya ba, kuma a bana babu wani sai Rabilu. Masana wasan sun ce in ka ga irinsa kada ka waiwaya. Sai dai katangar kulob ɗin nan ta zama kamar dangar kara a damina. Mai jifan da suka ɗauka a baya, a kan gadon asibiti ya gama shekara, da ya warke kuma tsoro ya shige shi, ko inuwa ya gani sai ya yar da ƙwallo. In aka sa Rabilu a bayan wannan katanga, anya ba a kai shi mahauta ba?

Inna ta ce, "To ka ɗauki Haladu mana, ya toshe ɓarakar."

Ya ce haka ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙato mai saurin ƙafa irin Haladu ba a tsintarsa a hanya, kuma irinsu sun fi kowa daɗewa ana morarsu. Da shi, duk wanda ka sa a baya zai yi barci da ido biyu rufe. Amma shi ɗaya ne cikin biyar, in sauran huɗun suka zube ba zai tare duniya ba. Ba ya cin maki, babu mai sayen tikiti don ya zo kallon mutum yana turawa. Mai jifan da kulob ke da shi yanzu kuma dattijo ne, hannunsa ya daina kai nesa. Ka gina wa rumbu katanga, alhali babu hatsi a ciki?

Ta ce, "Saura ɗan surutun nawa."

Tanimu ya yi murmushi. Ya ce masu gudu sun fi kowa yawa a kasuwa, ko a zagaye na baya zai sami mai dama-dama, ƙafa kuma ba ta daɗewa, rauni ɗaya ya isa. In babu mai jefo masa, Nafi'u ɗan kallo ne a cikin fili. Wannan duk gaskiya ne. Amma mai dama-dama daban, Nafi'u daban. Shi ne ke mai da mummunar jifa ta zama maki, ko ta dattijon nan ce. Dole abokan karawa su sa masa mutum biyu, sauran su sami sarari. Kuma tun ranar kofin, sunansa yara ke kira a lungu. Shi kaɗai zai iya cika kujerun da mai kulob ke kuka da su.

Inna ta ce, "Ni dai ukun na ciyar. Kira su ka ji ta bakinsu."

Aka kira su ana gobe zaɓe, bayan sallar Azahar. Ta zubo musu a faranti ɗaya kamar kullum. Tanimu ya faɗa musu halin da yake ciki, bai rage komai ba.

Nafi'u ne ya fara, ko hannu bai gama suɗewa ba. "Baba Koci, ni ba zan yi maka kara ba. Ni za ka ɗauka. Wallahi in ka bar ni na tafi Legas, ranar da muka zo nan sai na sa ka kuka, kuma ba na so."

Rabilu ya dubi ƙasa ya ce, "Baba, ina son in zauna. Babana ya tsufa, ni ke hawa masa bango yanzu. Amma gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa jifa ba tare da Haladu a bayana ba. Ban san ko ni gwani ne ba, ko shi ne."

Aka juya ga Haladu. Ya tsame hannu daga faranti, abin da ba a saba gani ba. Ya ce, "Ni duk inda aka kai ni zan tsaya. Abu ɗaya ke damuna. In na tafi wani gari, wani zan riƙa karewa, Rabilu kuma na can ana kayar da shi." Sai idonsa ya kawo ruwa. Nafi'u, maimakon tsokanar da ya saba, sai ya dafa kafaɗarsa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, wai ta manta wani abu a wuta, alhali murhu na waje.

Washegari aka taru a babban zaure, manyan kulob kowa da teburinsa. Samarin uku suka zauna a jere cikin sabbin kaftani iri ɗaya da Inna ta sa aka ɗinka musu. Mai sanarwa ya ce kulob ɗin Kaduna ne da zaɓin farko. Tanimu ya miƙe, ya gyara hula, ya dubi yaransa, su ma suka dube shi. Aka miƙa masa makirfo.

A nan zan tsaya. Kun ji abin da kowannensu ya yi ranar kofi, kun ji abin da kulob ya rasa, kun kuma ji abin da za a yi asara in aka yi kuskure. Kada wani ya ce mini a ɗauki duka, ba a ba shi wannan ba. To, ku da kuka iya musu: da kai ne riƙe da makirfon nan, sunan wa za ka kira, Rabilu, Haladu, ko Nafi'u?