Jaririyar Gidan Tanimu da Lauyoyi Uku

Ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe goma, aka kashe wani dillalin hatsi mai suna Maikano a bayan kasuwar Rafin Gawo. Ku saurara da kyau, don in na gama ku ne alƙalai.

Kafin magariba an kama Malam Tanimu, wani manomi da suka taɓa yin cacar baki da mamacin. Mutum ɗaya ya rantse ya gan shi da wuƙa. Tanimu ya ce shi ranar yana wani gari yana ba da shaida a rigimar gona, amma ba wanda ya rubuta maganarsa. Aka kai shi gidan yari jiran shari'a, fayil ɗinsa ya ɓata, ya shekara shida ba a kira sunansa ba. Laifin da ake tuhumarsa da shi hukuncinsa rataya ne.

Akwai wasu matasan lauyoyi uku, ƙawaye, da suka gama makaranta rana ɗaya, kowace da ofishin da take yi wa aiki.

Ta farko Kaltume, mai zagaya gidajen yari tana neman waɗanda aka manta da su. Ita ta tarar da Tanimu a kwance yana tari.

Ta ce, "Baba, wane ne lauyanka?"

Ya ce, "'Yar nan, Allah ne. Shi kuwa bai sa ranar zama ba tukuna."

Sau goma sha tara ta je ma'aikatar shari'a, har masinjoji suka riƙa ce mata ga uwar ɗaurarru ta iso. A ƙarshe ta tono fayil ɗin a ƙasan wata tsohuwar durowa, ta sa aka kai maganar gaban babbar kotu. A zaman da ta riƙa yi da shi ta ɗauki tarin fuka, ta yi wata shida tana shan magani.

Ta biyu Saratu, wadda aikinta shari'ar gado da iyakar gona, abokan aiki na tsokanarta da lauyar tumaki. Tanimu bai riƙe sunan garin da ya ba da shaidar ba, bai san lambar ƙara ba. Abin da ya riƙe kawai, kotun tana da bishiyar durumi a ƙofa, alƙalin kuma yana ɗingishi. Saratu ta san kotunan karkara kamar tafin hannunta. Ta bi guda biyar, ta shiga ɗakunan ajiya inda gara ta ci rabin takardu, har ta samo littafin magatakarda. Ga sunan Tanimu, ga dangwalen yatsansa, ranar Talatar nan, zama tun safe har azahar, a garin da ke da tafiyar awa uku daga Rafin Gawo. Maigidanta na ofis ya sallame ta saboda ta bar masa aiki mako uku.

Ta uku Bilkisu, mai shari'ar manyan laifuka, ita ta tsaya a kotu. Ta san in shaidan nan ya ankara da littafin, zai ce ai ba da hantsi ya gan shi ba, da yamma ne. Sai ta fara rufe masa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi.

"Malam, shekara shida da yawa. Ko dai da la'asar ne?"

"Haba Barista, da hantsi ne. Ko mahauta ba su gama fiɗa ba."

"Ko wata ranar ce ka gan shi?"

"Ranar kasuwa fa! Ni yaro ne da zan manta Talata?"

Sai da ya rantse sau uku, alƙali ya rubuta, sannan ta miƙa littafin. Shaidan ya nemi ruwan sha. Da aka tashi, dangin mamacin suka jefe motarta, dutse ya fasa mata ido na hagu, har yau ba ta gani da shi.

Kotu ta sallami Tanimu. Ya koma gida ya tarar matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakinsa yana aman jini. A rana ta goma matar ɗansa Ilu ta haifi mace. Aka kawo masa ita, ya riƙe hannun ɗansa ya ce, "Ilu, wasiyya ce. Ka sa mata sunan lauyar da ta cece ni." Ilu ya ce, "Wacce a ciki, Baba?" Tari ya sarƙe shi, bai ƙara magana ba. Washegari aka binne shi.

Ilu ya aika wa su ukun da goron suna, kowace ta ce a sa na 'yar'uwarta. Liman ya ce wasiyyar mamaci ba a yi mata kwaskwarima, mutum ɗaya ya ambata, suna ɗaya za a raɗa. Saura kwana biyu suna, an riga an ɗaure rago.

To, jama'a, tsakanin Kaltume da Saratu da Bilkisu, sunan wace ce Ilu zai faɗa wa liman?