Sarki Jatau da Wayar da Cikinta Ya Cika

Duk wanda wayarsa ta yi masa gargaɗi ya riƙa danna "sai an jima", ya sani akwai ranar da an jiman za ta ƙare, kuma ba ta ƙarewa sai ranar da ya fi bukatar wayar. Haka ta faru ga Sarki Jatau ɗan Sarki Barau ɗan Nomau Mai Dogon Zamani, mai mulkin Birnin Tsamiya, birni mai ganuwa bakwai da ƙofofi goma sha biyu, mai rijiyoyi garai-garai da kasuwanni manya-manya, inda baƙo yake shiga da yunwa ya fita da guzuri. Sarki ne mai adalci, mai kyauta kamar ruwan marka, mai haƙuri kamar damo, amma ruwa ba ya tsami banza: akwai ƙaya guda a zuciyarsa, ƙayar kuwa ƙanensa ne, Galadima Mati.

Ga asalin abin. Sarki yana da 'yar fari mai suna Saudatu, a al'adar gidansu kuwa ɗan fari abin kunya ne, uba ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya ko tambayar lafiyarsa. Da aka yaye ta, sai mahaifiyarsu, wadda suke kira Iya, ta ɗauke ta ta ba Mati riƙo, da yake shi Allah bai ba shi haihuwa ba. Yarinya ta tashi tana kiran Mati Baba, Sarki kuwa Mai Gari take ce masa, ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuma ya kau da kai ya amsa kamar da bango yake magana.

Wayoyi biyu ne kacal a birnin, tagwaye, ƙirar maƙeran aljanu, waɗanda Sarkin Aljanu ya aiko wa 'ya'yan Barau saboda wani alheri da ubansu ya taɓa yi masa. Mati ya riƙa ɗaukar Saudatu hoto da bidiyo yana tura wa Sarki, tun daga yaye har ta sauke Alƙur'ani, har ta auri wani likita da ta zaɓa da kanta suka tafi Tsibirin Murjani, bayan tekuna bakwai. Sarki bai taɓa cewa ya gani ba, bai kuma taɓa goge ko ɗaya ba. In an tashi daga fada sai ya shige soro ya rufe ƙofa ya yi ta kallo, in ya dubi fuskarta ransa ya yi sanyi, in ya dubi hannun Mati a bisa kanta kishi ya kama shi.

Ran wata Laraba da hantsi saƙon murya ya shigo daga surukinsa. Sarki ya danna, ya ji ana cewa, "Ranka ya daɗe, ta sauka lafiya, an samu..." Nan take manhajar saƙon ta rufe, rubutu ya fito cewa ba za ta ƙara buɗewa ba sai an sabunta wayar. Ya danna sabuntawa, wani ɗan zobe ya yi ta juyi kamar jakin da ya ɓace a daji, can sai ta rubuta: ba ta shiga ba. Ya sake har sau tara, amsa ɗaya. Hankalinsa ya tashi, don surukin ya riga ya yi alkawari cewa ranar suna zai kira, uban Saudatu ne zai yi wa jariri huɗuba. In tasa wayar ba ta yi ƙara ba, ai ta Mati za ta yi. Sarki ya ƙudurta a ransa cewa namiji ne, har ya fara jin ana shelar an sa wa jaririn sunan Mati a bayan tekuna bakwai. Gidan Galadima bai fi taku ɗari daga fada ba, amma kunya ta riƙe masa ƙafa ɗaya, kishi ya riƙe ɗayar. Sai ya bar wa Waziri gari, ya murza zoben da ya gada, wata shamuwa ƙatuwa, fara-fara baƙa-baƙa, ta sauka ya hau, suka nufi ƙasar aljanu.

Kwana biyu suna tafiya suka isa Birnin Tsawa, mai katangu na jan ƙarfe da hasumiyoyi dogaye-dogaye masu tartsatsi, inda Sarkin Walƙiya yake zaune bisa gadon girgije. Sarki Jatau ya yi gaisuwa irin ta sarakuna, ya faɗi damuwarsa. Sarkin Walƙiya ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Ɗan Barau, kai da ake yabo da ciyar da baƙi, ka bar taka wayar da yunwa? Cajinta bai kai kashi ashirin ba. Mai yunwa ba ya ɗaukar kaya, sabuntawa kuwa kaya ce, ba ta hawa sai batir ya wuce rabi." Ya kamo wutsiyar wata walƙiya ya soka mata, ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Daga yanzu zuwa la'asar kada ka taɓa ta." Sarki ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ba a yi nisa ba hannunsa ya fara ƙaiƙayi, zuciya tana ce masa yanzu haka Mati yana can yana kallon jariri. Sau uku yana miƙa hannu, sau uku tsawa tana daka masa gargaɗi, har ya zauna a kan hannayensa biyu kamar yaron da aka hana taɓa tuwo. Da la'asar batir ya cika fal. Ya danna, zobe ya juya, ta rubuta: ba ta shiga ba. Sarkin Walƙiya ya ce, "Nawa aikin ya ƙare. Nemi Sarauniyar Iska."

A rana ta huɗu ya isa Dutsen Sanduna Huɗu, dutse mai santsi, mai tsayi, wanda tsuntsu yake hutawa sau biyu kafin ya kai kansa, shamuwa ma ta ce ita a gindi za ta jira. Ya hau da ƙafa, rawaninsa ya warware, tafukansa suka yi kanta, yana hawa sandunan sabis suna ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. A can bisa ya tarar da Sarauniyar Iska, wata tsohuwa siririya mai mayafi bakwai, kowanne yana kaɗawa wata nahiya daban. Kafin ya gama gaisuwa ta ce, "Ka kashe ta ka kunna?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, kwana huɗu na yi ina tafiya." Ta ce, "Ba tafiyarka na tambaya ba. Rabin sarakunan da suke hawo mini dutsen nan, abin da ya kawo su ke nan, su koma suna jin kunya." Ya kashe ya kunna. Ta ce ya daina jan sabuntawa da 'yar datarsa mai yankewa, ta haɗa shi da iskar gidanta mai ƙarfi, ta kuma gyara masa kwanan wata da ya kauce. Wannan karon abin ya fara sauka, kashi goma, kashi arba'in, kashi sittin, Sarki har ya fara murmushi, sai ya tsaya cik, ta rubuta: babu wuri. Tsohuwa ta yi dariya har mayafanta suka harɗe, ta ce, "To, ɗana, baƙon ya iso ƙofa, ɗakin ne a cike. Wannan sai Ma'aji."

Ma'ajin aljanu yana zaune a Kwarin Rumbuna, wani dattijo ne gajere, mai gemu har gwiwa da makullai dubu a ɗamararsa. Ya hura wa wayar iska, sai ta buɗe ta zama rumbu babba, ya kama hannun Sarki suka shiga. Ciki a cunkushe yake tun daga ƙasa har rufi, hotuna jibgi-jibgi, bidiyo dami-dami, ko allura ba ta da wurin tsayawa. Ma'aji ya zaro ɗaya, ga Saudatu tana koyon tafiya, Mati yana riƙe da yatsanta. Ya zaro wani, ga ta ranar saukar karatu, Mati yana share hawaye. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan bawan Allah da yake cikin kowane hoto, masoyinka ne ƙwarai, ko?" Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Ƙanena ne." Ma'aji ya ce, "Na ga wurin fuskarsa ya dushe da dangwalar yatsa, shi ya sa na tambaya."

Sarki ya ce, "Ka cire shi daga ciki ka bar mini ita. Ai shi ya cinye wurin." Ma'aji ya girgiza kai ya ce, "Na iya raba gero da tsakuwa, amma wannan ban iya ba. In na cire shi, yarinyar za ta faɗi, shi yake riƙe da ita. Dole ka zubar da rabin rumbun nan, kuma mai hankali ba ya zubar da iri sai ya tabbata akwai irinsa a wani rumbun. Daga ina waɗannan suka zo?" Sarki ya ce daga wayar Mati. Ma'aji ya ce, "To, ka tsallake tsaunuka ka zo neman abin da yake taku ɗari daga ƙofarka. Je ka tambaye shi ko yana da su, ko zai adana maka. In ya ce i, ka goge da kwanciyar rai. In ba za ka iya tambaya ba, ka riƙe hotunan jiya, ka rasa kiran jibi."

Shamuwa ta yi ta keta gizagizai ba hutawa, ta sauke shi a Birnin Tsamiya ranar Laraba da sassafe, ranar suna. Bai shiga fada ba. Ya taka da ƙafarsa, ba laima ba zagi, har zauren Galadima. Mati ya zabura ya faɗi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Yaya, da ka aiko ai da na zo. Lafiya na ga rawani kamar an yi dambe da shi?" Sarki ya zauna a bakin tabarma, sa'an nan ya ce, "Hotunan yarinyar nan taka da kake turo mini, kana da su?" Mati ya ce, "Ashe kana gani? Shekara ashirin da uku ina turawa, ko uhum ban taɓa samu ba, har na ɗauka rijiya nake jefa su." Sarki ya ce, "Na tambaye ka kana da su." Mati ya ce, "Duk suna nan, na kwashe su a kati, shi ya sa tawa wayar take numfashi." Sarki ya ce, "In na goge nawa, za ka adana mini?"

Mati ya dube shi, murmushinsa ya ɗauke, ya ce, "Zan adana. Amma tun da ka zo har zaurena, bari in faɗa maka abin da yake cina. Kana zaton don son raina nake turo maka? Tun tana shekara biyar, duk hoton da na ɗauka sai ta ce, Baba, ka tura wa Mai Gari. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na goya ta zuwa makaranta, amma in ta yi kwalliya kai take so ka gani. Sau nawa na riƙe hoto kwana uku don haushi kafin in tura." Sarki ya ɗago kai ya ce, "Kai ma?" Mati ya ce, "Ni ma, ranka ya daɗe. Kawo wayar, rana tana yi."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, Sarki yana gogewa, Mati yana cewa, "Wannan ina da shi, wannan ma ina da shi." Da aka samu wuri a wayar, suka soka ta a caji, suka haɗa ta da sabis ɗin wayar Mati, Sarki ya danna. Ta sauka har kashi ɗari, sai fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Sarki ya dafe ƙirji ya ce ta mutu. Mati ya riƙe masa hannu ya ce, "Kada ka taɓa, haka take yi, sabuwar riga take sawa." Can ta haskaka, manhaja ta buɗe, saƙon surukin ya ƙarasa abin da ya fara: "...an samu mace."

Ba su gama duban juna ba kira ya shigo. Ga Saudatu da lalle a hannu, ga jaririya cikin farin zane. Da ta ga fuskoki biyu a allo ɗaya sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ina kwana. Mai Gari, barka da asuba." Sarki ya kau da kai bisa al'ada, amma wannan karon ya ce, "Ya jikin?" Surukin ya kara wayar a kunnen jaririya, ya ce sunan Iya suka zaɓa, Ramatu, in iyaye sun yarda. Sarki ya yi huɗuba, Mati ya yi addu'a, da yake kuma ba ɗayansu mai iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsau, tun daga ranar Iya Ƙarama suke ce mata. Allah ya raya ta, ya raba zukatanmu da ƙaya.

Sarki ya koma karagarsa, ba ya ƙara danna "sai an jima", kuma duk Juma'a bayan masallaci yana bi ta zauren Galadima su kalli tsofaffin hotuna. Amma da namiji aka haifa, sunan wa za a sa masa, na Jatau ko na Mati? Ba wanda ya tambayi Saudatu, ita ma ba ta faɗa ba, har yau ba a sani ba.