Walƙiyar Da Ba Ta Jiran Gaisuwa

A Birnin Kwarjini mai ganuwar tagulla aka yi wani masanin taurari, Malam Jatau, ɗan masani jikan masani, wanda ya faɗa a gaban Sarki Bawale cewa idan tauraro mai nisa ya mutu yakan saki wata walƙiya mai tsananin ƙarfi wadda ido ba ya gani. Sarki ya ce ko ya kawo shaida, ko ya bar garin da tsufansa. Sai 'yar Malam, Tasalla, mai kaifin hankali da taurin kai, ta keta dazuzzuka da duwatsu har fadar Marmaro, sarkin aljannun sama.

Marmaro ya ce, "Ya ke 'yar masani, iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tare muku walƙiyar nan, rahama ce daga Allah. Zan rataya idon ƙarau can bisa iska, bawana Guguwa ya yi gadinsa. Da idon ya haska Guguwa zai sauko ya faɗi wajen, ku juya madubin hangenku ku ga garwashin tauraron kafin ya dushe."

Tasalla ta koma gida cike da murna. Ashe Guguwa aljani ne mai ladabi fiye da kima. Da idon ya haska ya sauko kamar kibiya, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar sarki da iyali da dawaki da damina. Kafin ya kai ga labari garwashin ya mutu murus. Idon ya sake haskawa, Guguwa ya sake yin haka. Malam Jatau ya fara ɗaure kayansa.

Tasalla ta faɗi gaban sarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo: a yafe wa manzon nan gaisuwa." Fadawa suka riƙe baki. Sarki ya yi murmushi ya ce an yafe.

Wata magariba sai ga Guguwa ya faɗo da takalminsa, yana haki: "Gabas da Kaza da 'Ya'yanta!" Aka juya madubi gabas da taurarin nan, sarki da kansa ya leƙa, ya ga ɗan ɗigon haske inda jiya babu komai, ya yi tasbihi. Ya sa aka kwance kayan Malam, ya naɗa Tasalla shugabar masu duban sama.

Sannan Guguwa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya soma gaisuwarsa tun daga farko. Sarki ya gyara zama, ya amsa ta duka.