Sunkuyawar da Chigusa Ta Ƙi Yi

Chigusa Nagumo 'yar wasan gaba ce da ta tashi a wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Shizuoka, can gabashin duniya, inda da sunkuyawa ake gaisuwa da neman afuwa. Allah ya ba ta gudu, ya ba ta ido, ya kuma ba ta ƙarfin bugun da masu tsaron raga ke jin sa har cikin haƙoransu. Aibinta ɗaya ne, amma babba: zafin zuciya haɗe da girman kai. In aka taɓa ta sai ta rama da ninki, in kuwa ita ta taɓa wani, wuyanta ba ya lanƙwasawa balle ta nemi afuwa.

Tun a sakandare halin ya kafu. A ƙungiyar makarantarsu 'yan aji ɗaya su ke share fili, su wanke takalman yayyensu, wato 'yan aji biyu da uku, su ɗauko ruwa, kuma a wajen atisaye ƙanwa ba ta kunyata yaya. Chigusa ba ta daɗe da shiga ba ta zura wa wata 'yar aji uku ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, aka kwashe da dariya. Da aka tashi, suka ja ta bayan rumfar kaya su uku. Ɗaya ta riƙe mata hannuwa ta baya, ɗaya ta dinga kifa mata mari har leɓenta ya fashe, ta ukun ta take mata yatsun ƙafa da ƙusoshin takalmi tana murzawa.

"Gobe ma ki sake, 'yar gwaninta," in ji mai marin. "Yanzu ce mana kin gode."

Chigusa ta tofar da jini ta ce ta gode. Wata yarinyar da ta sha irin wannan sai ta ce in ta girma ba za ta yi wa kowa haka ba. Ita kuwa abin da ta ƙulla a ranta shi ne nata lokacin na zuwa. Da ta kai aji uku, marinta ya fi na waɗanda suka koya mata zafi.

Bayan makaranta ƙungiyar Hamakaze ta ɗauke ta. Da safe 'yan wasan suna shirya kifi cikin kwalaye a kamfanin da ke riƙe da ƙungiyar, da yamma su fita fili. Chigusa ta yi ta zura ƙwallaye, jama'a suka yi ta kiran sunanta, 'yan baya na sauran ƙungiyoyi kuwa suka fara kwana da fargabarta. A wani wasa wata 'yar baya ta ja mata riga lokacin bugun kwana. Chigusa ba ta ko waiwaya ba, ta tashi sama ta sakar mata gwiwar hannu a karan hanci. Yarinyar ta zube, jini ya wanke mata gaban riga, haƙori ɗaya ya faɗi cikin ciyawa. Alƙaliyar wasa ba ta gani ba. Chigusa ta tsallake ta, ta sa kai ta ci.

A ɗakin sauya kaya kyaftin ɗinsu Fumika, wadda tun suna yara suke tare, ta jefe ta da tawul.

"Ke dai mahauciya kika so zama aka kawo ki ƙwallo. Ko kifin da muke yankawa da safe mun fi tausaya masa."

"Ita ta ja ni."

"Riga ta ja, ke kin cire mata haƙori. Tashi mu je ki ba ta haƙuri kafin motarsu ta tashi."

"Je ki ba ta a madadina, ai ke kika iya. Bayanki ma har ya lanƙwashe don sunkuyo."

Sauran suka yi dariya, don mai cin ƙwallo ba ta rasa masu yi mata dariya. Fumika ta tafi ita kaɗai ta sunkuya wa mutane a kan laifin da ba nata ba.

Ba a jima ba aka kira su biyun tawagar ƙasa. Chigusa ta sa rigar ƙasarta, ta ci ƙwallaye a wasannin neman gurbi, amma rauni a gwiwa ya hana ta zuwa babbar gasar duniya ta farko da ta riske ta. Da gasar ta sake zagayowa shekaru sun fara ja, gwiwar tana kumbura bayan kowane wasa, ita da kanta ta san in wannan jirgi ya tashi babu ita, ba za ta ƙara samun wani ba.

A sansanin ƙarshe, inda za a tace waɗanda za su tafi, Koci Mabuchi ya tara su a tsakiyar fili.

"Ku saurara da kyau. A ɗakin cin abinci akwai yaya akwai ƙanwa. A nan kan ciyawa babu. Turawan da za ku kara da su ba za su tambayi shekarar da kuka gama makaranta ba."

Sai ya raba su gida biyu, ya ɗora wa Chigusa wata 'yar baya mai suna Kotone Ebina, 'yar masunta daga arewa, wadda ba ta cika ashirin ba. Yarinya ce mai kunya, ita ke fara gaishe da kowa, amma in ta sa takalmi ba ta da wasa. Chigusa ta taho da gudu, Kotone ta zare ƙwallon daga ƙafarta tsaf, ba ko gogayya. Da wasa ya tsaya ta ɗan duƙa.

"Afuwa, Yaya."

Aka sake, ta sake ƙwacewa, ta sake duƙawa. A karo na gaba ma sai da ta bar Chigusa zaune a ƙasa. Daga benci wata ta ɗaga murya:

"Yaya Chigusa, ko a kawo miki kujera ne?"

Fili ya ɗauki dariya. Chigusa ta ga Koci ya juya yana yi wa mataimakiyarsa magana, ta ji kamar da hannu ake zare ta daga cikin jirgin. Ta matsa kusa da Kotone ta ce a hankali, "Ba a koya miki yadda ake wasa da manya ba a ƙauyenku?"

"Koci ne ya ce in dage, Yaya."

"To dage."

Aka bugo wani ƙwallo tsakaninsu. Kotone ta riga ta isa, ta dasa ƙafar hagu ta ture ƙwallon gefe. Ƙwallon ya riga ya tafi, kowa ya gani, Chigusa ma ta gani. Duk da haka ta tashi da ƙafa biyu, ƙusoshi a gaba, ta sauka da dukan nauyinta a ƙwaurin yarinyar. Ƙarar ta fita kamar an karya busasshen gora. Kotone ta kurma ihu, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, farin ƙashi ya ɓullo ta cikin safa, jini ya biyo shi. Wata 'yar tsakiya ta juya baya ta fara amai.

Fumika ce ta fara isowa. Ta shaƙo wuyan rigar Chigusa ta kai mata naushi a baki. Chigusa ta rama da kai, ta fasa mata gira, suka faɗi suna birgima cikin ciyawa, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare su. Motar asibiti ta shigo har cikin fili.

Washegari Koci ya kira Chigusa ofishinsa. Bai ce ta zauna ba.

"Da son raina ne, yau za ki bar nan. Amma ba ni da mai cin ƙwallo kamarki, kuma manya sun ce a ba ki ƙofa ɗaya. Iyayen Kotone sun iso. Ki sayi tsaraba, ki je asibiti, ki sa goshinki a ƙasa a gabansu. In uban ya karɓi kwalin tsarabar daga hannunki, zan tsaya miki. In bai karɓa ba, ki wuce gida daga can."

"Goshina a ƙasa? Don ƙanwar ƙanwata?"

"Don yarinyar da kika karya. Fumika za ta raka ki, abin da ta gani shi zan ji."

Suka sayi kwalin alawar wake mai tsada, aka naɗe shi da farar takarda. A cikin jirgin ƙasa Fumika, da ɗinki a girarta, ta ce mata, "Don Allah yau ɗaya ki haɗiye wannan zuciyar. Ki durƙusa, ki ce laifinki ne, ki yi shiru. Ko me suka ce, kada ki ɗago."

"Na ji, malama."

Kotone na kwance, an soke ƙafar da ƙarafa an rataye ta. Uwarta na zaune a gefen gado idanu sun kumbura. Uban yana tsaye jikin taga, gajere kakkaura, hannuwansa duk tabon igiyar taru. Chigusa ta shiga riƙe da kwalin, ta dubi daɓen ɗakin, gwiwoyinta suka ƙi sauka. Ta tsaya tana neman ta inda za ta fara.

Sai Kotone ta yunƙura, duk da zafin, ta sunkuyar da kai daga kan matashi.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ni na sa ƙafata inda bai dace ba. Na jawo miki damuwa ana dab da tafiya."

Ko yaron goye a ƙasar ya san mene ne wannan. Wanda aka cuta yakan fara ɗaukar laifi don ya sauƙaƙa wa mai laifin hanya, shi kuwa sai ya faɗi ƙasa ya ce a'a, nawa ne duka. Tsani yarinyar ta miƙo wa Chigusa. Fumika ta taɓa bayanta da yatsa. Uban ma har ya saki hannuwansa daga ƙirji, yana shirin karɓa.

Chigusa ta ja numfashi, ta ji wani sanyi na nasara ya ratsa ta. Ta juya ga Fumika.

"To, kin ji da kunnenki. Ita ma ta san ita ta kawo ƙafar. Sai ki faɗa wa Koci." Ta miƙa wa uban kwalin da hannu ɗaya, a tsaye ƙyam. "Baba, ga wannan. Allah ya sawwaƙe."

Uban ya dubi kwalin, ya mayar da hannuwansa baya.

"Mun ƙoshi," in ji shi.

"Karɓa za ka yi mana. Ba ka ji abin da 'yarka ta ce ba?"

"Na ji. Tarbiyyar gidanmu kika ji. Ina jiran in ji ta gidanku."

Maganar ta sauka mata kamar mari. Ta ɗaga kwalin ta maka shi da bango, alawar ta tarwatse har kan bargo. Ta damƙi ƙarfen gadon ta jijjiga da ƙarfi tana ihu, "Faɗa masa ya karɓa! Ke kika jawo, faɗa masa!" Ƙarafan da ke cikin ƙashin suka motsa, Kotone ta ƙwalla ƙarar da aka ji har ƙarshen baranda, jini ya jiƙe bandejin. Uwar ta faɗa kan 'yarta ta rufe ta da jikinta. Uban ya cafki wuyan hannun Chigusa ya murɗe shi baya har ta durƙushe, ya ja ta a ƙasa kamar buhu, ya wurgar da ita waje ta bugu da bangon baranda, ya rufe ƙofa.

Fumika ta tsaya a kanta tana kuka.

"Na sha sunkuyawa a madadinki, Chigusa. Wannan kam babu bayan da zai iya ɗauka."

Aka cire Chigusa daga tawaga a ranar. Hukumar wasa ta dakatar da ita, Hamakaze ta sallame ta, babu ƙungiyar da ta ƙara nemanta. Ranar da tawaga ta tashi, a akwatin talabijin na wani shagon taliya ta ga abokanta sun jeru a filin jirgi suna sunkuya wa jama'a. Mai shagon ya gane ta, ya sauya tasha.

Sai da sanyi ya shigo zuciyarta ta sauko. Ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa, ta nemi gidan su Kotone a bakin tashar jiragen kamun kifi. A ƙofar gidan ta durƙusa cikin dusar ƙanƙara, ta shimfiɗa tafukanta, ta kafa goshi a ƙasa, ta ce, "Laifina ne duka. Da gangan na yi. Ku yafe mini."

Uban ya buɗe ƙofa ya dube ta.

"Ashe kin iya," in ji shi. "An sake yi wa 'yata aiki bayan jijjigar da kika yi. Likita ya ce tafiya za ta yi, gudu kuwa sai dai ta kalla."

Chigusa ta ji ƙarar sanda a kan dakali. Kotone ce ta fito tana jan ƙafa. Yarinyar da ke fara gaishe da kowa ta tsaya daidai kanta, ba ta duƙa ba, ba ta ce Yaya ba. Ta kewaye ta a hankali kamar yadda ake kewaye dutse a hanya, ta wuce abinta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa ba ta wanke mugun hali, kuma zaluncin da aka yi maka kana ƙarami ba lasisi ba ne na zaluntar na ƙasa da kai. Wanda ya yi laifi ya gaggauta amsa shi tun ana sauraronsa. In wanda ka cuta ya sassauta maka, kada ka ɗauki karamcinsa a matsayin hujjarka, ka ƙara ƙanƙan da kai ne. Neman afuwa yana da lokacinsa, in lokacin ya wuce, ko ka sa goshinka a ƙasa ba zai dawo maka da abin da ka rasa ba, ba kuma zai mayar wa wanda ka cuta abin da ka raba shi da shi ba.