Kukar da Wuta Ta Ƙi Ci

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu saurara.

Namun daji ne suka kafa wani inji mai cin itace yana ba gari haske. Ana nan, busassun itatuwan kusa suka ƙare, Zaki ya tara kowa a yi shawara.

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, a sare ƙatuwar kukar bakin rafi. Ita kaɗai ta ishe mu har damina."

Bushiya ta matso gaba, don a gindin kukar nan aka binne uwarta bara. Ta ce a hankali, "Yaya Kura, innata tana kwance a wurin."

Kura ta ce, "To ƙanwata, wanda ke ƙasa me zai yi da inuwa? Mu na sama duhu ya dame mu."

Zaki ya ce a fara gwada reshe guda. Kura ta ɓallo shi, ta cusa a bakin injin. Ashe cikin kuka ruwa ne, ga laushi kamar soso. Wuta ta mutu, hayaƙi ya turnuƙe Kura har tana tari da hawaye.

Zaki ya toshe hanci ya ce, "A bar kukar nan. A riƙa datso rassan marke da kirya ana shanyawa, uwar itace kuwa a ƙyale ta ta sake toho."

Bushiya ta lallaɓa gindin kukar, ta jingina kunci da saiwa, ta yi ajiyar zuciya. "Inna, ba za a taɓa ki ba. Yi kwanciyarki."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɓera ya tafi da sauran.